SAURIN INTANET A GIDA: ABIN DA YA KAMATA MAGIDANCI YA SANI KAFIN YA BIYA KUƊI

A cikin watan Agusta na shekarar 2001 ne aka soma amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya. A wancan lokaci bukatar mutum ba ta wuce ya kira ɗan'uwansa ya ji muryarsa ba. Yanzu kuwa al'amari ya sake. Ɗalibi yana duba sakamakon jarrabawarsa ta intanet, ɗan kasuwa yana karɓar kuɗin hajarsa ta waya, tsohuwa tana ganin fuskar jikanta da ke Legas tana zaune a tsakar gidanta. Saboda haka kuɗin data ya shiga cikin lissafin cefane, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kuɗin gishiri da na man girki.

A garin Yana, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shira a ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi, ana jin kuka iri biyu game da intanet, kamar yadda ake ji a sauran garuruwan ƙasar nan. Wani ya ce sabis ba ya ja, hoto sai juyawa yake yi ya ƙi buɗewa. Wani kuma ya ce jiya-jiya ya sayi data, yau an ce ta ƙare. Waɗannan cututtuka biyu ne dabam-dabam, kowace da maganinta. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya yakan kashe kuɗinsa wajen sayen maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

SAURI DABAM, YAWA DABAM

A kwatanta da ruwan famfo. Akwai yawan ruwan da ke cikin tanki, akwai kuma kaurin bututun da ruwan ke bi ya zo gida. Tanki shi ne data, watau abin da mutum ya saya. Bututu shi ne sauri. Mai babban tanki da siririn bututu zai daɗe yana jiran bokiti ya cika, ko da yake ruwansa na nan da yawa. Mai ƙaton bututu da ƙaramin tanki kuwa nan da nan bokitinsa zai cika, amma nan da nan tankin zai ƙafe. Ƙara sayen data ba ya ƙara sauri, haka kuma samun sauri ba ya sa data ta yi auki. Sau da yawa ma akasin haka ke faruwa, kamar yadda za a gani nan gaba.

Kowane ɗayansu yana da ma'auninsa. Yawa ana auna shi da megabayit, a rubuce MB, da gigabayit, a rubuce GB, wanda jama'a ke kira giga. Kimanin megabayit 1,000 ke yin giga 1. Sauri kuwa ana auna shi da megabit a daƙiƙa ɗaya, a rubuce Mbps.

Nan ne wurin da mutane da yawa ke ruɗewa, domin sunayen sun yi kama. Megabit da megabayit ba ɗaya ba ne: megabit 8 ke yin megabayit 1. Alal misali, idan kamfani ya ce saurin layinsa megabit 10 ne, abin da ke sauka cikin waya a daƙiƙa ɗaya megabayit 1 ne da rubu'i. Mutumin da ya ga wayarsa na nuna masa wannan adadi lokacin da yake sauke wani abu, sai ya zaci an cuce shi, alhali kuwa awon daidai yake, mudun ne ya bambanta. A kan wannan sauri, abu mai nauyin giga 1 zai sauka cikin minti 13 da 'yan kai. Idan saurin megabit 2 ne, sai ya haura awa ɗaya.

Akwai kuma waɗansu abubuwa biyu da 'yan talla ba su cika ambata ba. Na farko shi ne saurin turawa. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe ta saukewa ce, watau abin da ke shigowa cikin waya. Abin da ke fita daga waya yana da nasa saurin, kuma galibi bai kai na saukewa ba. Mai kallo kawai ba ruwansa da shi sosai. Amma tela mai aika hotunan ɗinki ga masu saye, da ɗalibin da zai ɗora takardunsa a shafin makaranta, da mai kiran bidiyo, duk da saurin turawa suke aiki. Na biyun shi ne jinkirin amsa, watau ɗan lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya komo. Shi ne ke sa mutum biyu su riƙa cin karo da maganar juna a waya, wannan ya yi shiru, wancan ya yi shiru, sa'an nan su soma tare.

ABIN DA KE SA SAURI YA HAU YA SAUKA

Yawancin abin da ake kallo ko ake karantawa a intanet yana ajiye ne cikin manyan kwamfutoci, waɗansu a Legas, da dama kuma a ƙasashen ƙetare. Abin da ke ƙetare yana shigowa ƙasar nan ta waɗansu wayoyi masu zaren gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Main One da Glo-1 sun soma aiki a 2010, WACS a 2012, Equiano kuma ta iso Legas a 2022. Daga bakin teku sai wayoyin da aka binne a gefen hanyoyin mota su ɗauko shi, su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso ƙasar Katagum. Daga nan ya hau ƙarfen sabis, ya bi iska ya shiga wayar mutum.

Ko'ina a wannan doguwar hanya ana iya samun cikas. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin teku da dama sun katse a lokaci ɗaya a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, har harkar bankuna ta taɓu. A irin wannan rana babu tsarin da mutum zai saya ya tsira. Haka nan idan masu aikin hanya suka tsinke wayar da ke binne, ko ɓarayi suka sace batir ko man injin da ke gindin ƙarfen sabis, gari guda na iya kwana babu sabis. Don haka ne a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda doka ta ba kariya ta musamman.

Amma cikas na yau da kullum ya fi faruwa kusa da gida. Ƙarfen sabis kamar rijiyar unguwa yake: abin da ke cikinsa rabawa ake yi tsakanin duk waɗanda suka zo ɗiba a lokaci ɗaya. Da asuba, lokacin da gari ke barci, mutum yana iya samun sauri mai kyau. Bayan sallar isha'i, sa'ad da kowa ya kishingiɗa ya ɗauki wayarsa, sai rabon kowa ya ragu. Ranar kasuwa ma haka ne, domin baƙi daga Disina da Faggo da sauran garuruwan kewaye sun shigo, kowa da wayarsa a aljihu. Wannan shi ne dalilin da ya sa waya kan nuna sandunan sabis a cike amma abu ya ƙi buɗewa. Sandunan nan suna nuna ƙarfin isowar sabis ne kawai, ba su nuna yawan masu layi a bakin rijiya.

Nisa da abin da ya gitta su ma suna da nasu. Gidan da ke bayan dutse, irin duwatsun Shira, ba zai sami abin da gidan da ke fili ya samu ba, ko da kamfaninsu ɗaya. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis, shi ya sa mutum kan rasa shi a ƙuryar ɗaki ya same shi a zaure. Sa'an nan akwai ita kanta wayar. Kafin a sami saurin 4G sai abu uku sun dace: ƙarfen sabis na wurin yana bayarwa, layin da ke cikin wayar na 4G ne, wayar kuma tana iya karɓa. In ɗaya ya gaza, sai a koma 3G, ko ma 2G, wanda bai fi ƙarfin kira da gajeren saƙo ba.

HANYOYIN DA KE AKWAI

Hanyar da kusan kowa ke bi ita ce data ta layin waya, daga kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo. Wanda ke da iyali yana iya sayen 'yar na'urar nan da ake sa wa layi ta rarraba intanet ga wayoyin gida duka, ko ƙarama ta aljihu mai batir, ko babba ta girke wadda ake kira rauta. Giga ɗaya a tsarin rauta yakan fi araha bisa ga na waya. Sai dai a lura da abu biyu. Na'urar ba ta ƙirƙiro sabis inda babu shi, daga ƙarfen sabis ɗin nan take ɗiba kamar kowa. Kuma da yawa daga cikin waɗanda kamfanoni ke sayarwa da rahusa a kulle suke, ba su karɓar layin wani kamfani. Wanda ya saya kafin ya gwada, in sabis ɗin bai kai gidansa ba, ya yi cinikin biri a sama.

An yi gwanjon lasisin 5G a Disamba 2021, aka soma aiki da shi a 2022 a manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano da Maiduguri. Bai kamata mutumin karkara ya ƙara kuɗi don tambarin 5G da ke jikin kwali ba, sai in ya tabbata sabis ɗin ya iso unguwarsu. Wayar zaren gilashi da ake ja har cikin gida ita ta fi kowace sauri da tsayuwa, amma a waɗansu unguwannin manyan birane aka fi samunta.

Saura tauraron ɗan'adam. Kamfanin Starlink ya soma aiki a Nijeriya a Janairu 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga. Taurarinsa suna yawo a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, ba kamar na dā ba da ke nisan kilomita 36,000, saboda haka jinkirin amsarsa kaɗan ne. Ba ya bukatar ƙarfen sabis, yana aiki ko a rugar da ke tsakiyar daji. Amma yana bukatar sararin sama babu inuwar bishiya, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana rage shi. Kuɗin kayansa ɗaruruwan dubban naira ne, ban da na wata-wata. Ya fi dacewa da makaranta, ko asibiti, ko shagon da ake yi wa jama'a aikin kwamfuta, bisa ga gidan mutum ɗaya.

NAWA NE YA ISA GIDA?

A cikin Shirin Yaɗa Intanet Mai Sauri na 2020 zuwa 2025, burin da Gwamnatin Tarayya ta sa shi ne a sami aƙalla megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. Wannan adadi na karkara ya isa ma'auni ga magidanci, domin ayyukan gida ba su da cin sauri kamar yadda ake zato. Saƙon rubutu da na murya da aika kuɗi ta banki ba su bukatar ko megabit 1. Bidiyo mai matsakaicin haske, wanda ake rubuta wa 480p, yana tafiya da megabit 1 da ɗoriya kaɗan. Mai 720p yana son 2 da rabi, mai 1080p kuma 5.

Sai a tara na mutanen da za su yi aiki a lokaci ɗaya. A ɗauka ga wani malamin makaranta a Yana, da maiɗakinsa, da ɗansu mai karatu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare wanda ya zo hutu. Ko da su ukun duka suna kallon bidiyo mai matsakaicin haske a lokaci guda, megabit 5 mai tsayawa ya ɗauke su. Megabit 10 kuwa har da saura. Gida irin wannan ba shi da dalilin biyan kuɗin megabit 100. Sauri kaɗan wanda ba ya yankewa ya fi mai yawa wanda ke zuwa da asuba ya gudu da dare.

Lissafin yawa shi ya fi taɓa aljihu, kuma a nan ne amsar mai kukan an shanye masa data take. Duk abin da ke gudana a kan megabit 1 yana cin megabayit 450 a awa ɗaya. Watau bidiyo mai 480p yana iya cin kusan rabin giga a awa, mai 720p ya haura giga 1, mai 1080p kuwa ya haura giga 2. Sauraron murya zalla, kamar shirin rediyo ko karatu, bai fi megabayit 30 zuwa 60 a awa ba. Mutumin da ke kallon awa ɗaya kowace rana a kan 480p yana bukatar kimanin giga 15 a wata don kallon kaɗai.

Yanzu sai a duba abin da ke faruwa ga wanda ya bar tsohuwar waya ya sayi sabuwa mai 4G. Manhajojin kallo suna auna saurin layi da kansu, in sun ga hanya a buɗe sai su zaɓi hoto mafi haske ba tare da sun tambayi kowa ba. Fim ɗin da dā yake cin rabin giga sai ya koma cin giga 2, a kan allon da bai fi tafin hannu ba, inda da ƙyar ido ke rarrabe bambancin. Mai waya bai ƙara ko minti ɗaya a kallonsa ba, amma datarsa ta mako ta ƙare cikin kwana biyu. Maganin wannan yana cikin saitin wayar: a sauko da hasken bidiyo zuwa 480p, a hana bidiyo tashi da kansa, a hana hotunan zaurukan WhatsApp sauka sai an taɓa su, a hana manhajoji sabunta kansu a ɓoye. Kowace wayar zamani tana da wurin da take nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci. Wanda ya duba wurin nan sau ɗaya yakan gane ɓarawon a cikin gida yake.

A AUNA KAFIN A SAYA

Gani ya kori ji. Kamfanin da ya fi kyau a Azare ba lalle ne ya fi kyau a Yana ba, wanda ya fi a bakin tasha kuma ba lalle ne ya fi a bayan gari ba. Kalmar "har zuwa" da ke gaban lambar sauri a takardar talla tana nufin iyakar abin da layin ke iya yi ranar da komai ya dace. Ba alkawari ba ne.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A sayi data kaɗan ta kwana ɗaya ko biyu a layuka biyu ko uku, ko a roƙi maƙwabci mai wani layi ya shigo da wayarsa. A buɗe ɗaya daga cikin ma'aunan kyauta, kamar Speedtest ko Fast.com, a auna a cikin ɗakin da za a riƙa aikin, ba a ƙofar gida ba. A auna da safe, da rana, da kuma tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, a rubuta abin da aka samu. Awon dare shi ne abin dogara, don shi ne lokacin da iyali ke gida. Kada a yawaita, gama shi kansa awon yana cin data.

In an sayi rauta, a ɗora ta a wuri mai tudu kusa da taga, a gefen da ke fuskantar ƙarfen sabis, nesa da ƙarfe da kwano. A sa mata lambar sirri mai wuyar cinka, domin rautar da ba ta da kulle rijiya ce a bakin hanya. A kuma tanadi abin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, ko batir ko ɗan faifan sola. Kada a sayi na'urar ƙara ƙarfin sabis a kasuwa: Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta hana amfani da ita ba da izini ba, don tana dagula sabis ɗin maƙwabta.

SHARUƊƊAN DA KE ƘASAN TAKARDA

Farashi yana sakewa. A Janairu 2025 Hukumar ta amince wa kamfanoni su yi ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, saboda haka tsohon lissafin da mutum ya riƙe a ka ba zai yi masa aiki ba. Abin da ba ya sakewa shi ne hanyar kwatantawa: a raba kuɗin da yawan gigar da ke ciki, a ga nawa giga ɗaya ta kama. Tsarin kwana ɗaya yana da sauƙin biya, amma wanda ke sayensa kowace rana yakan tarar a ƙarshen wata ya biya fiye da mai tsarin wata. Sai dai kuma babban tsarin da wa'adinsa zai cika ba a sha rabinsa ba, shi ma hasara ne. Tun 2018 Hukumar ta umarci kamfanoni su bar ragowar data ta bi mai ita idan ya sabunta cikin wa'adin da aka ƙayyade, ta kuma hana a sabunta wa mutum tsari ba da yardarsa ba.

A duba ko gigar da aka ambata duka ta kowane lokaci ce. Wani tsarin rabinsa sai tsakar dare yake aiki, wani kuma na Facebook da WhatsApp ne kaɗai, ba ya buɗe shafin banki ko na makaranta. Tsarin da aka ce ba shi da iyaka galibi yana da sharaɗi: in an sha wani adadi sai a rage saurin ƙwarai har ƙarshen wata. Lalle ne mai saye ya tambayi wannan adadi, da saurin da za a bar masa bayansa, tun kuɗinsa na hannunsa.

Tun 2023 lambobin aiki suka zama iri ɗaya a duk layuka. Ana sayen data da *312#, a duba ragowarta da *323#, a duba ragowar kuɗi da *310#. Wanda ya ga wani kamfani ya fi kyau a gidansa yana iya komawa can da tsohuwar lambarsa, an ba da wannan dama tun Afrilu 2013.

Wanda kuma ya ga an ci masa kuɗi ko data ba bisa ƙa'ida ba, ya fara kai kukansa ga kamfanin ta lamba 300, ya karɓi lambar shaidar ƙararsa ya rubuta ta, tare da rana da lokaci. Idan ba a share masa hawaye ba, sai ya kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa a lamba 622, ya ba da wannan lambar shaida. Kiran kyauta ne daga kowane layi.